Daga Doki Zuwa Dokin Ƙarfe: Nazarin Kalmomin Fentin Sirdin Keke a Garin Itas

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce matambayi ba ya ɓata. To ni ban yi tambaya ba, na kuwa ɓata, har na haɗa da ɓata wa wani dattijo farar shaddarsa ta zuwa Juma'a. Daga wannan ɓarna ce wannan 'yar maƙala ta samo asali.

Manufar maƙalar ita ce nazartar wasu kalmomi da ake amfani da su wajen sabunta launin tsohon sirdin keke, irin wanda aka yi da leda ko roba. Za a dubi asalin kalmomin, da yadda Bahaushe ya hausantar da waɗanda ya aro, da kuma bambancin ma'ana da ke tsakanin wasu aikatau da ɗalibi kan ɗauka duk abu ɗaya suke nufi. A cikin tafiya, mai karatu zai ga yadda ake yin aikin kansa daki-daki, domin kalmar sana'a ba ta zama a ka sai an ga hannu yana aikata ta.

Yana da kyau in sanar da 'yan'uwana ɗalibai tun da wuri cewa ban tsotsi Hausa a nono ba. Ni Batangale ne daga Kaltungo. A kasuwa da filin wasa na tsince ta, na zo jami'a na ɗauke ta a matsayin fannin karatuna. Saboda haka, duk inda aka ga kuskure, a taimaka a yi mini gyara.

2.0 Mafarin Al'amari

Garin Itas shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau, a arewacin Jihar Bauci. A tarihi, yankin yana cikin ƙasar Katagum, masarautar da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, wadda aka mayar da mazauninta zuwa Azare a shekarar 1916. Hausar wannan yanki ita ce masana ke kira Guddiranci.

Na je Itas ne a wani hutu da ya faɗo cikin bazara. An ba mu aikin gida, kowa ya tattaro kalmomi 50 na wata sana'a, sai abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce in bi shi garinsu. Mahaifinsa tsohon malamin firamare ne, yana da wani keke ƙirar Raleigh wanda ya girme mu duka biyu. Keken ya daɗe a jingine a zaure, domin Baba ya koma hawan babur. Amma bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, sai Baba ya kakkaɓe kekensa ya koma masa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa masallaci da gaisuwar 'yan'uwa.

Keken lafiyarsa lau, sai dai sirdin. Baƙar ledarsa ta koɗe ta koma ruwan toka. Ganin irin karamcin da aka yi mini a gidan, sai na ƙudura in faranta wa Baba ba tare da ya sani ba. Ranar Laraba muka shiga Azare, na sayo ƙaramin gwangwanin baƙin fentin mai, irin na ƙofa da taga, da ɗan burushi. Da daddare na share ƙurar sirdin da tsumma, na zuba masa fenti har yana ɗiga. Ranar Alhamis Baba bai fita da keke ba. Da hantsin Juma'a na taɓa da yatsa na ji kamar ya bushe, ga shi yana ta sheƙi. Baba ya fito cikin farar shadda, ya dubi keken ya ce, "Wa ya yi wa dokina kwalliya?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya sa mini albarka, ya hau ya tafi.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi yana turo keken da hannu. Hoton sirdin ya fito ɓaro-ɓaro a bayan rigarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, dokin nan ya raba kwalliyar da ni. Gobe ka tura shi wurin mai gyara a bakin kasuwa. Ka tafi da littafinka, ka zauna ka saurara." Garin neman gira na rasa ido, amma ta haka na sami sana'ar da zan yi aikin gidana a kanta.

3.0 Sirdi: Kalmar da ta Sauko Daga Bayan Doki

Mai gyaran wani dattijo ne da ke aiki a gindin dalbejiya. Kalmar farko da na rubuta daga bakinsa ita ce sirdi, jam'inta sirada. Wannan kalma ta girmi keke a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Daga Larabci ta fito, wato sarj, kamar yadda linzami ya fito daga lijam, likkafa kuma daga rikab. Dukkansu kayan doki ne. Da keke ya zo a zamanin Turawa, Bahaushe bai ƙirƙiro masa sabuwar kalma ba, sai ya dube shi da idon mahayin doki. Ya kira shi dokin ƙarfe, ya kira mazauninsa sirdi, ya ce ana hawansa ana sauka. Wannan shi ne abin da muka karanta a aji da sunan faɗaɗa ma'ana.

Sai dai abin lura a nan shi ne, ba dukkan kayan dokin ne suka yi wannan ƙaura ba. Ba a ce wa abin taka ƙafa likkafa, feda ake cewa. Ba a ce wa abin tsayar da keke linzami, birki ake cewa. Jalala da majayi da ragama duk sun tsaya a barga. Sirdi kaɗai ya bi mahayi zuwa kan ƙarfe. A tawa fahimtar, dalili shi ne kamanni da aiki sun haɗu a sirdi. Siradan kekunan farko na fata ne, ga su kuma nan ne mazaunin mahayi. Likkafa kuwa tsaye take, feda juyawa take yi, linzami a baki yake, birki a taya. Inda kamanni ya yi nisa, sai Bahaushe ya ari sunan da abin ya zo da shi.

Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan tunani ba. A Ingilishi ma kalma ɗaya ce ke nufin sirdin doki da na keke. Hasali ma, kamfanin Brooks, wanda ya yi suna wajen siradan keke na fata, ya faro ne a birnin Birmingham na Ingila a 1866 yana ɗinka kayan doki, kafin ya yi rajistar ƙirar sirdin kekensa na farko a 1882. Baba ya gaya mini cewa da sirdin fata kekensa ya zo. Da fatar ta mutu ne aka canza masa da na leda.

Har wa yau, na lura da cewa samarin da ke zama a wurin mai gyaran ba su cika cewa sirdi ba, sit suke cewa, musamman in ana maganar babur. Dattijon kuwa ko sau ɗaya ban ji ya furta sit ba. Ke nan a gindin bishiya ɗaya akwai kalmomi biyu na abu ɗaya, ta Larabci a bakin tsoho, ta Ingilishi a bakin yaro.

4.0 Baƙin Kalmomi da Yadda Aka Hausantar da Su

Ita kanta kalmar keke daga Yarbanci aka aro ta, akwai kuma basukur daga Ingilishi. Keke ce ta fi karɓuwa, har ta haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu da Keke Napep. Sauran kalmomin da na tattara, mafi yawansu daga Ingilishi suke. Idan muka dube su da kyau, za mu ga hanyoyi huɗu da aka bi wajen hausantar da su.

Hanya ta farko ita ce musanya sautin da babu shi a daidaitacciyar Hausa da makusancinsa. Sautin /p/ ya koma /f/, shi ya sa paint ta zama fenti, patch ta zama faci, pump ta zama famfo, pedal ta zama feda. Sautin /v/ ya koma /b/, kamar a bawul daga valve.

Hanya ta biyu ita ce saƙala wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka sai a raba su da wasali. Alal misali, brush ta zama burushi, spanner ta zama sufana, spring ta zama sifirin.

Hanya ta uku ita ce ƙara wasali a ƙarshen kalma, saboda mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Misali, fenti da faci da birki da noti.

Hanya ta huɗu ta shafi kalmomin da a rubutun Ingilishi suke ƙarewa da -er ko -re. Waɗannan duk da -a suka ƙare a Hausa: roba, leda, taya, kariya, sufana, samfefa, tina.

4.1 Jinsin Kalmomin

Wannan hanya ta huɗu tana da amfani ga irina da har yau jinsi ke yi wa gardama. Da zarar baƙuwar kalma ta ƙare da -a, galibi sai Hausa ta ɗauke ta mace. Shi ya sa muke cewa ledar sirdi, tayar gaba, sufanar mai gyara. Waɗanda suka ƙare da wani wasali daban kuwa maza ne: fentin mai, birkin baya, sirdin Baba. Bature bai san roba mace ce ba, wasalin ƙarshe ne ya ɗaura mata zane.

4.2 Leda da Roba

Waɗannan kalmomi biyu sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin sun bar ma'anar da suka zo da ita. Leda daga leather take, wato fata. Amma a Hausar yau leda na nufin duk wani abu mai laushi da aka yi da roba: ledar zuba kaya, ledar ɗaki, ledar kujera, ledar sirdi. Idan ka je wurin baduku ka ce kana son takalmin leda, ba zai kawo maka na fata ba. Wato kalmar ta zo da sunan fata, ta ƙare a kan abin da ya kori fata daga kasuwa. Ita kuma roba ta faɗaɗa ta haɗiye bokiti da kofi da kujera da buta.

Mai gyaran ya raba mini sirada kashi uku. Akwai na fata. Akwai na leda, wanda ake shimfiɗa ledar a kan soso da sifirin. Akwai kuma na roba mai tauri, irin na kekunan yara. Ya ce kowanne da abin da yake so, kuma tun daga nan na fara kuskure, domin ban ma tambayi kaina da me aka yi sirdin Baba ba.

5.0 Yadda Ake Aikin da Aikatau ɗin da ke Cikinsa

Da dattijon ya danna sirdin da babban yatsa, sai fentin ya biyo shi kamar danƙo. Ga yadda muka yi da shi:

"Samari, da me ka wanke shi?"

"Ban wanke ba, Baba, na dai share ƙura."

"Ka goga masa samfefa?"

"A'a, Baba."

"To ai ba shafawa ka yi ba, laftawa ka yi. Kuma wannan fentin ƙofa ne. Leda tana zufa, ba zai taɓa bushewa a kanta ba."

Wannan magana ta zufa ta tsaya mini a rai, kuma kimiyya ta gaskata shi. Ledar sirdi wani nau'in roba ne da ake kira PVC. Asalinsa abu ne mai tauri, irin wanda ake yin bututun ruwa da shi. A shekarar 1926 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, mai suna Waldo Semon, ya gano yadda za a gauraya shi da wani sinadari mai maiƙo har ya yi laushi. Wannan sinadari ba ya zama a ciki har abada. Zafi da rana suna fito da shi sannu a hankali, shi ya sa tsohuwar leda ke ƙeƙashewa ta tsage, balle a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40. Idan aka ɗora fentin mai a kai, sinadarin sai ya ratsa fentin ya hana shi ƙarfi. Sama ya yi kamar ya bushe, ƙasa kuwa danƙo. Abin da masani ya yi wa dogon bayani, mai gyara ya dunƙule shi a kalma ɗaya, zufa.

Ga matakan da ya bi, kamar yadda na rubuta su:

Na ɗaya, ya kwance sirdin daga jikin keke da sufana. Na biyu, ya kankare fentina da bayan wuƙa a hankali, ya bi sauran da tsumma mai ɗan kananzir. Ya gargaɗe ni da kada in kusantar da tina, domin tana cin leda. Na uku, ya wanke shi da sabulu da ruwa har sau biyu, don maiƙo da gumin shekaru su fita, ya shanya shi a inuwa. Na huɗu, ya goga masa samfefa mai laushi sama-sama, har sheƙin ya mutu. Ya ce fenti ba ya kama abu mai santsi, sai an yi masa ɗan kaushi ya sami abin riƙewa. In sirdin roba mai tauri ne, gugar takan fi haka, akan kuma fara fesa masa wani ruwa na share fage kafin fenti. Na biyar, ya naɗe sifirin da ƙarafan ƙasa da tsohuwar jarida. Na shida, ya sa na koma Azare na nemo fentin feshi wanda aka yi domin leda da roba, mai iya lanƙwasa ba tare da ya tsage ba. Ya girgiza gwangwanin sosai, ya riƙe shi nisan taƙi guda daga sirdin, ya fesa kaɗan, ya bari ya sha iska, ya sake, har sau uku. Na bakwai, ya rataye shi a inuwa kwana uku. A rana ta huɗu ya dirje shi da farin ƙyalle. Da ƙyallen ya fito tas, sai ya ce in ɗaura.

Ya kuma ƙara mini da cewa duk wannan in ledar ba ta yage ba ne. In ta yage, fenti ba ya ɗinke ta, sai dai a kai wa masu ɗinkin kushin su yi wa sirdin sabuwar riga.

5.1 Giredin Aikatau

Idan muka ɗauki aikatau ɗin da ke cikin wannan aiki muka auna su da tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, za mu ga haka:

Giredi na 1: shafa, fesa, goga, fenta, rina
Giredi na 4: shafe, feshe, goge, fente, rine
Giredi na 7: shafu, fesu, gogu, fentu, rinu

A giredi na 1, musamman a shafa da fesa da goga, abin da ke hannun mai aiki shi ne karɓau: ya fesa fenti a sirdi, ya goga samfefa a sirdi. A giredi na 4 kuwa karɓau ya sauya, sirdin ne ya zama karɓau, aikin kuma ya game shi duka: ya feshe sirdi da fenti, ya goge sirdi da samfefa. A giredi na 7, sirdin ya koma aikau, ana yaba yadda aikin ya kama shi: sirdi ya fentu. Ni a daren Laraba na fente sirdi, amma sirdi bai fentu ba.

Bugu da ƙari, shafe da goge suna da fuska biyu. Shafe sirdi da fenti na nufin rufe shi, shafe rubutu kuma na nufin kawar da shi. Na kuma lura cewa kusan duk kalmomin da dattijon ya yi amfani da su wajen bayyana tsufan sirdi na giredi na 4 ne: koɗe, ƙeƙashe, tsage, yage, ɗaye, lalace.

5.2 Ganɗantawa

Mun san cewa a Hausa /s/ da /t/ sukan koma /sh/ da /c/ idan wasalin /i/ ko /e/ ya biyo su. Shi ya sa fesa ta ba mu feshe da feshi, ɓata ta ba mu ɓace. Amma fenta ba ta ba mu fence ba, fente muke cewa, sunan ma fenti ne. Haka abin yake a tebur da asibiti. Wato kalmomin aro na baya-bayan nan sukan kuɓuce wa wannan doka. Wannan wata alama ce da ɗalibi zai iya gane baƙuwar kalma da ita, ko da ta yi shigar 'yan gida.

5.3 Shan Iska da Bushewa

A nan ne ainihin inda na faɗi. A wurina, abu ko dai jiƙaƙƙe ne ko busasshe. A wurin mai gyara kuwa hawa uku ne. Abin da aka wanke yakan tsane, wato ruwa ya daina ɗiga. Abin da aka fesa yakan sha iska, wato sama ya daina kama yatsa. Sai daga baya ya bushe ƙamas, ciki da waje. Fentina shan iska kawai ya yi, ni kuma na ba shi shaidar bushewa.

6.0 Fenti da Rini

Tun kafin fenti ya zo, Bahaushe na da hanyarsa ta sauya launi, wato rini. Majemi kan jeme fata da bagaruwa, baduku ya ba ta ja da karan dafi, ya ba ta baƙi da kuloko, masu rinin tufa kuma su yi aiki da baba, kamar yadda aka sani a marinar Ƙofar Mata a Kano. Na tambayi dattijon ko za a iya cewa mun rina sirdin Baba. Ya yi dariya ya ce, "Samari, fata ce ke shan rini. Leda ba ta sha, sai dai a ɗora mata."

Daga wannan amsa na fitar da bambancin kalmomin biyu. Rini shiga yake yi cikin jikin abu, fenti kuwa zama yake yi a kansa. Aikatau ɗin da ke tafiya da su ma sun nuna haka. Tufa takan sha rini, in rinin bai kama ba sai ya zuba a wanki. Fenti kuwa in bai zauna ba sai ya ɗaye ko ya ɓare. Ba a cewa rini ya ɗaye.

Shaddar Baba ce ta ƙarasa mini darasin. An wanke ta da kananzir da sabulu, fentin ya fita amma inuwarsa ta ƙi fita. Da na je ba shi haƙuri karo na uku, sai ya ce, "Kada ka damu, ɗana, da ma za a rina." Na daɗe ina juya maganar kafin abokina ya fahimtar da ni cewa Baba ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Akwai karin maganar nan da ke cewa za a rina, an saci zanen mahaukaciya, wadda ake faɗa idan abin da ake tsammani ya auku. Wato Baba yana nufin duk wanda ya yi aiki ba tambaya, abin da zai biyo baya ke nan. Sannan kuma da gaske rinin za a yi. An kai rigar wurin masu rini, ta dawo shuɗiya mai duhu, tabon ya ɓuya.

6.1 Launi da Amsa-kama

A taƙaice, ga wasu kalmomin launi da suka fito a wannan aiki. Sirdin ya fara da baƙi, ya koɗe ya koma ruwan toka, ya dawo baƙi ƙirin. Shaddar ta fita fara fat. Baƙi da fari da ja da kore kowanne yana da amsa-kamarsa: baƙi ƙirin ko wuluk, fari fat ko sol, ja wur, kore shar. Launukan da ake ginawa da kalmar ruwa, irin su ruwan toka da ruwan goro da ruwan ƙasa, ba su da irin wannan gata.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗan ƙaramin aiki kamar fentin sirdin keke yana ɗauke da kalmomi daga Larabci da Yarbanci da Ingilishi, tare da aikatau na Hausa waɗanda kowanne ke da gurbinsa. An ga yadda sirdi ya baro doki, da yadda leda ta sauya ma'ana, da bambancin fesa da feshe, da na shan iska da bushewa, da na fenti da rini.

Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 taskoki ne da babu ɗalibin da zai wadatu da barinsu. Amma ni dai a gindin dalbejiya na fara jin cewa leda tana zufa. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ta zo musu daga baya irina, da mu riƙa ɗaukar littafi muna zama wurin masu faci da maƙera da dukawa da masu rini. Mu gaishe su da ladabi, mu yi tambaya kafin mu taɓa. Da yawa daga cikinsu sun manyanta, yaran da ke gefensu kuma sit suke cewa.

Na tafi neman kalmomi 50, na dawo da fiye da haka. Abokina ya shaida mini cewa bayan damina fentin ya fara gogewa a gefen da cinya ke shafa, kamar yadda mai gyaran ya faɗa tun farko, amma bai sake taɓa rigar kowa ba. Na nemi in biya kuɗin rinin shadda, Baba ya ƙi karɓa. Abin da ya nema shi ne idan mujallar nan ta fito in kai masa kwafi guda, ya ga ko na rubuta abin da na ji daidai. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani.